GYARAN TSOHON JIRGIN RUWA MAI SALKAR ISKA A GIDA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa a Ikko, ko Fatakwal, ko Warri, ko Kalaba, da wuya a ce bai ga wani irin ƙaramin jirgi mai tsananin gudu ba, wanda sojojin ruwa da 'yan sandan ruwa da ma'aikatan kamfanonin mai suke zirga-zirga da shi. Ƙasansa tauri gare shi kamar na kowane jirgin faiba, amma gefensa an kewaye shi da wata doguwar roba mai kauri wadda aka hura wa iska. Turawa suna taƙaita sunansa da haruffa uku, RIB. Hausa ba ta riga ta raɗa masa suna ba, saboda haka a cikin wannan ɗan littafi za mu kira ƙasan nan mai tauri "ƙwarya", robar da ta kewaye ta kuwa "salka", gama ba ta da maraba da salkar fatake, sai dai ita iska take ɗauka, ba ruwa ba.

Sabon irin wannan jirgi yana da tsada ƙwarai, ga shi yawancinsu daga ƙasashen waje ake shigo da su. Amma tsofaffi suna nan, waɗanda masu su suka gaji da su suka yasar a bayan gida ko a harabar wurin aiki, salka ta sace, ƙwarya ta yi gansakuka. Irin waɗannan akan same su da rahusa. Mutum mai haƙuri, wanda hannunsa ya saba da aiki, yana iya tayar da irin wannan jirgi a tsakar gidansa, sannu a hankali, ran Asabar da Lahadi. Ba sai injiniya ba. Sai dai akwai sharaɗi guda, shi ne kuwa abin da wannan darasi ya ƙunsa: a fara da abin da ido ba ya gani, a bar fenti da kujeru da sauran kwalliya sai can ƙarshe. Yawancin masu gyaran gida akasin haka suke yi, don fenti ne ke faranta rai da wuri. Amma jirgi mai sheƙi wanda katakon bayansa ya ruɓe, kyan ɗan maciji ne.

Gyara ne ya haife shi

A shekarar 1962 aka buɗe wata makaranta mai suna Atlantic College a tsohuwar fadar St Donat's, a gaɓar teku, kudancin Wels cikin ƙasar Birtaniya. Shugabanta na farko, Desmond Hoare, tsohon babban hafsan sojan ruwa ne, injiniya kuma. Ɗalibansa suna da jiragen roba zalla da suke aikin ceto da su, amma kullum duwatsun gaɓar nan sai su yayyaga musu ƙasan jiragen. Da faci ya ishe su, wajen 1964, sai suka cire ƙasan roba suka manna katakon filawud a madadinsa. Suka ga ya yi ƙarko, sai dai da yake shimfiɗaɗɗe ne yana dukan ruwa da ƙarfi. Suka yi ta sake masa fasali har suka kai ga ƙwarya mai tsini a ƙasa wadda ke tsaga raƙuman ruwa. Daga baya Hoare ya sayar wa ƙungiyar ceton rayuka a teku ta Birtaniya, watau RNLI, haƙƙin wannan ƙira a kan fam ɗaya tak, bai ma je banki ya karɓi kuɗin ba. A 1972 ƙungiyar ta fara aiki da jirgin da ta kira Atlantic 21.

Abin lura a nan shi ne, jirgin abu biyu ne daban-daban aka haɗa da gam. Ƙwarya ce ke ba shi gudu, salka ce ke hana shi kifewa da nutsewa. Kowace da irin ciwonta, kowace da irin maganinta.

Ya kamata kuma mai karatu ya san abin da jirgin bai dace da shi ba. Ba jirgin kasuwa ba ne. Wanda ke son ɗaukar itace da buhunan hatsi da awaki masu ƙaho, jirgin katako ko na faiba zalla ya fi masa alheri nesa ba kusa ba. Amfanin mai salka shi ne sauri, da kai ɗauki, da tsamo mutum daga ruwa, domin gefensa laushi gare shi, ba shi da tsawo, kuma ko mutum uku sun taru a gefe ɗaya ba ya kifewa. Wanda ya tuna da haɗarin jirgin da ya ci rayuka fiye da 100 a yankin Patigi cikin watan Yuni na 2023, ya san darajar jirgi mai sauri a kusa da mashigi.

Kafin ka biya kuɗi

Rabin gyaran a wurin ciniki ake yinsa. Kada ka je ganin jirgi hannu rabbana. Tafi da famfon iska na hannu ko na ƙafa, da ƙaramar guduma, da tocila, da bokitin ruwan sabulu da soso.

Fara neman ɗan allon ƙarfe da maƙera suka manna, galibi a jikin bangon baya. A kansa aka rubuta yawan mutanen da jirgin ke ɗauka, da nauyin kaya, da iyakar ƙarfin injin da ya dace da shi, da yawan iskar da salka ke sha. Akwai kuma lambar jirgi da aka zana a bayan ƙwarya ta hannun dama. Ka nemi takardar da ke nuna mai sayarwa shi ne mai shi, lambar kuma ta yi daidai da ta jikin jirgi. Jirgin da aka kankare wa lamba, rabu da shi kome arharsa.

Sa'an nan ka hura salka. Za ka ga ba ɗaki ɗaya ba ce. An raba ta ɗaki uku ko biyar, ko fiye a manyan jirage, kowane ɗaki da bawul nasa, tsakaninsu kuma akwai shamaki daga ciki. Hikimar ita ce in ɗaki ɗaya ya fashe, sauran su riƙe jirgi. To, hura ɗaki ɗaya kaɗai, ka bar bawul na maƙwabcinsa a buɗe, ka kara kunne. In ka ji iska tana fita ta can, shamaki ya ɓalle. Wannan ciwo ne da ba a gani daga waje, kuma jirgin da shamakansa suka ɓalle duka, huda guda ta isa ta sace shi baki ɗaya. Bayan ka hura duka, shafa ruwan sabulu a kan bawul, da layin haɗi, da tsofaffin faci, da tsinin baya inda rana da hayaƙin inji suka fi ci. Kumfa a wuri ɗaya huda ce, ba abin damuwa ba ne. Amma in ka ga 'yan mitsi-mitsin kumfa suna tsattsafowa ko'ina a jikin robar kamar gumi, robar ta mutu. Faci ba ya maganin wannan. Sai sabuwar salka, wadda aikin gwanaye ne, kuɗinta kuma sau da yawa ya kan fi abin da ka sayi jirgin da shi. A nan ne ake cewa arha ba ta ado.

Bangon baya da ƙwarya

Bangon baya shi ne inda ake ɗaure inji, shi ne kuma ke ɗaukar nauyin injin da dukan ƙarfin turinsa. A yawancin tsofaffin jirage, katakon filawud ne a ciki, aka lulluɓe shi da faiba gaba da baya. Duk ramin da aka huda don noti ko don wani ƙarfe, in ba a toshe shi da kyau ba, ruwa ya kan bi ta nan ya jiƙa katakon, shekara da shekaru, har ya koma kamar dusa, alhali daga waje faiba tana nan sumul.

Gwajinsa ba wuya. Ka bi bangon da guduma kana ƙwanƙwasawa a hankali. Lafiyayyen wuri ƙara mai kaifi yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum-dum kamar kankanar da ta wuce nuna. In da inji a jiki, ka ɗaga ƙafarsa sama, ka danna ta da ƙarfinka, wani ya tsaya yana kallon bangon. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Kwance noti ɗaya na ƙasa ka duba: in ruwa mai launin shayi ya biyo, ka sami amsa. In har yanzu kana shakka, huda ƙaramin rami daga ciki ka dubi garin katakon da ya fito. Fari busasshe, madalla. Baƙi mai danshi, aiki ya same ka.

Sauya wannan katako shi ne aiki mafi nauyi a jirgin, amma ya fi kowane muhimmanci, kuma kafinta mai hankali zai iya taimaka maka. Ana yanke faibar ciki, a bar ta waje yadda take don ita ce za ta riƙe fasalin. A ƙwaƙule ruɓaɓɓen katako tas, a goge, a bar wurin ya bushe sarai, ko da zai ɗauki mako biyu. A yanka kwali daidai wurin, a bi shi a yanka sabon katako. Lalle ne ya zama filawud na jirgin ruwa, wanda Turawan Ingila suka ba lambar inganci BS 1088, ba na silin ko na kabad ba, gama shi wannan da ya sha ruwa sai ya ɓare falle-falle. A haɗa falle biyu ko uku har kaurin ya kai na asali, a shafe kowane gefe da rezin, musamman bakin da zarto ya bi, a manna, a matse, sa'an nan a lulluɓe da faiba, ana zarce da ita santimita 10 zuwa 15 a kan ƙwarya ta kowane ɓangare. Dabarar ramukan noti kuwa ita ce a huda su da faɗi fiye da yadda ake bukata, a cika su da rezin mai kauri, in ya daskare a sake huda daidai girman notin a tsakiya. Ta haka ruwa ba zai sake taɓa katako ba.

Rezin iri biyu ne a kasuwa. Foliyesta ya fi arha, da shi aka ƙera yawancin ƙwaryoyin, ana kuwa ɗiga masa maganin daskarewa kashi 1 zuwa 2 cikin 100. A zafin ƙasarmu kashi 1 ya isa. Ifoksi ya fi tsada, amma ya fi kama tsohuwar faiba da katako, don haka a bangon baya shi na fi so. Shi ba a yi masa ƙari ko ragi. Yadda aka rubuta a gwangwani haka za a auna. Ko wanne ka zaɓa, dama kaɗan-kaɗan, a inuwa, domin in ka dama da yawa a kofi ɗaya sai ya ɗauki zafi da kansa, ya yi hayaƙi, ya daskare kafin ka shafa rabinsa. Maganin daskarewar foliyesta, wanda ake rubuta wa MEKP, ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. Sa tabarau na aiki da safar hannu, ka kuma ajiye ruwa mai tsabta kusa. In za ka gurza faiba, rufe hanci da baki da kyau, ka kori yara daga wurin.

Sauran ƙwarya ba ta cika ba da wahala ba. Ƙananan tsage-tsage a fatar waje, a buɗe su kaɗan a cike. Rami ko karaya kuwa, a goge bakinsa ya kwanta, faɗin kwanciyar ya kai kaurin faibar sau 12, a jera yadin faiba falle bisa falle. Abin da ba za ka manta ba shi ne sararin da ke tsakanin daɓen jirgi da ƙwarya. Ɗaga goshin jirgi, ka kwance toshiyar baya, ka ga abin da zai fito. Wasu jiragen an cusa musu soso a nan, in ya sha ruwa ba ya sakewa, kowace lita kuwa kilo ɗaya ce da injinka zai yi ta ja a banza. Amma a yi hattara: jirgin Searider na kamfanin Avon, wanda aka fara sayarwa a 1969, da gangan aka bar masa rami a baya, ruwa ya shiga in ya tsaya don ya zauna daram, ya zube in ya tashi gudu. Kada mai irinsa ya toshe ramin yana tsammanin gyara ya yi.

Salka: san robarka, san lokacinka

A nan ne yawancin masu gyara suke faɗuwa, kuma dalilin bai wuce biyu ba: ko gam ɗin da ba na robar ba, ko ranar da ba ta aikin ba.

Robar salka yawanci ɗaya ce daga cikin biyu. Akwai PVC, mai arha, wadda akan haɗa layinta da zafi. Akwai kuma wadda aka fi sani da Hypalon. Wannan sunan ciniki ne na kamfanin DuPont na Amurka, wanda ya daina yinta a 2010. Wasu kamfanoni suna ci gaba da yin irinta da sunan CSM, amma bakin mutane bai saki tsohon suna ba. Ita da gam ake haɗa ta, ta fi tsada, ta kuma fi jure rana da fetur ƙwarai. A ƙasa mai rana irin tamu wannan bambanci ba ƙarami ba ne. PVC in ta tsufa sai ta yi danƙo, launinta ya dafe, daga nan ta bushe ta fara tsagewa, kuma gam ba ya zama a kan wadda ta kai wannan hali.

Yadda za ka bambanta su: kwance bawul ka leƙa ciki da tocila. PVC launinta ɗaya ciki da waje. Hypalon kuwa cikinta baƙi ne ko toka-toka mai duhu, kome launin wajenta. Ko ka goga samfefa a wani ɓoyayyen wuri: Hypalon za ta yi gari ta dusashe, PVC sai dai ta yi zane-zane tana nan da sheƙinta. Ko ka ɗiga asiton a tsumma ka shafa: PVC za ta yi danƙo, Hypalon kuwa ba za ta yi danƙo ba.

Kowace roba da gam nata, da ruwan wankinta, da ƙyallen facinta. Hypalon ana wanke ta da toluwin, PVC da wani ruwa da ake rubuta wa MEK. Kada a rikita MEK da MEKP da muka ambata a baya. Harafi ɗaya ne ya raba sunansu, amma aikinsu ba ɗaya ba ne, kuskuren kuma haɗari ne. Gam na ƙwarai mai haɗi biyu ne, babban gwangwani da 'yar kwalba, galibi kashi 25 da kashi 1, in an dama kuwa awa huɗu ne iyakarsa. Dubi ranar da aka yi shi, don wanda ya daɗe a kanti ya mutu. Sholishon masu facin taya, da gam na masu gyaran takalma, ba su da wuri a wannan aiki. Za su kama yau, su saki ran da rana ta dake su a tsakiyar kogi.

Batun lokaci kuma, masu yin gam ɗin suna son zafi tsakanin digiri 18 da 25, laimar iska kuma kada ta wuce kamar kashi 60 cikin 100. Dalili kuwa shi ne, yayin da ruwan gam ke tashi, fuskarsa takan yi sanyi, in iska tana da laima sai raɓa ta sauka a kai, gam ya yi fari-fari kamar madara, ƙarfinsa ya tafi. Wani abokina a Ikko ya ɓata Asabar uku cikin watan Yuni yana manna faci, kowanne in ya kwana biyu sai ya ɓare da yatsa kamar ɓawon ayaba. Ya zagi gam, ya zagi wanda ya sayar masa, alhali damina ce ba ta yarda ba. Saboda haka a tsara aiki bisa shekara: aikin katako da inji da waya a yi su da damina a ƙarƙashin rumfa, aikin gam a jira hunturu. A Arewa, irin su Yawuri da bakin Tafkin Kainji da Yola, hunturu ya ba mu abin da Bature ke kashe kuɗi ya samu a ɗakin aikinsa, watau busasshiyar iska mai sanyi. Abokin gaba a lokacin ƙura ce. A yi aiki da hantsi, a inuwa, a rataya tamfol ta inda iska ke busowa, amma kada a rufe wuri ruf, gama tururin gam yana bugarwa, yana kuma kama wuta. Ba taba, ba murhu, ba janareta a kusa.

Shi facin kansa ga yadda ake yi. Sace iska. Yanka ƙyallen faci ya zarce hudar da santimita 5 ta kowane gefe, ka zagaye kusurwoyinsa, don kusurwa mai tsini ita ke fara ɗagowa. Ɗora shi ka zana iyakarsa da fensir, ka kewaye da tef. In Hypalon ce, goge wurin da bayan facin da samfefa har su dusashe, amma kada ka kai ga zaren ciki. Wanke da ruwan wankin, ka bari ya bushe. Shafa gam siriri a duka biyun, ka ba shi kamar minti 20 zuwa 30. Sake shafa na biyu, ka jira 'yan mintoci har in ka taɓa da bayan yatsa ka ji yana kamawa amma ba ya biyo ka. Sa'an nan ka ɗora daga gefe ɗaya zuwa ɗaya, a hankali, domin in ya taɓa ya taɓa ke nan, ba a gyara masa zama. Murza da ƙarfi da bayan cokali ko wani abu mai santsi, daga tsakiya zuwa baki, har iska ta fita duka. Yagar da ta wuce tsawon yatsa tana bukatar faci biyu, na ciki da na waje. Na cikin akan rufe gam ɗinsa da leda, a tura shi ta yagar, a daidaita, sa'an nan a zare ledar. Kada a hura sai bayan awa 24, kada a sa a ruwa sai bayan kwana biyu ko uku, cikakken ƙarfinsa kuwa sai ya yi kamar mako guda.

Da wannan hanya za ka bi duk inda salka ta fara rabuwa da ƙwarya, musamman a goshi da wajen baya, da maɗaurin igiyoyin da mutum ke kamawa in ya faɗa ruwa. Bawul mai yoyo sau da yawa yashi ne kawai ya shiga, ko robar bakinsa ta bushe. Man ƙyalli mai silikon, irin wanda ake fesa wa cikin mota, kada ya kusanci salka, gama inda ya taɓa gam ba ya ƙara kamawa.

Iskar salka kaɗan ce ƙwarai. A ma'aunin da tayar mota ke shan 30 ko fiye, salka 3 take sha zuwa 3 da rabi, watau 0.2 zuwa 0.25 a ma'aunin bar. Gejin taya ba ya iya karanta wannan daidai, sai an nemi nata. Injin iskar mai faci kuwa yana iya fasa ta cikin ƙiftawar ido. A tuna kuma iska tana kumbura da zafi. In ka cika salka da sanyin asuba, rana ta ƙara wa iskar ciki digiri 20, matsin zai ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Jirgin da ke kan tudu da tsakar rana, rage masa iska. In babu bawul mai rage iska da kansa a jiki, sa shi yana cikin gyaran da ya fi kowane riba a ƙasar nan. Bayan an gama, hura, ka auna, ka sake aunawa gobe war haka. Ragin da bai wuce kashi 20 cikin 100 ba a awa 24, maƙera suna ɗaukarsa daidai.

Mai, waya da inji

Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota ya kan zube ƙasa ya watse. A jirgi kuwa ba inda za shi sai ƙarƙashin daɓe, ya kwanta yana jiran tartsatsi. In tankin na ƙarƙashin daɓe ne, kuma kana jin warin mai in ka buɗe murfi, kada ka ci gaba sai ka gano inda yake fita. A ƙaramin jirgi, sau da yawa ya fi sauƙi a bar tsohon tankin a wanke, a koma ga tankin ɗauka wanda ake ɗaurewa a sama. Tiyon mai duka a sauya su, a sa matatar da ke raba mai da ruwa. Tsofaffin wayoyin wuta ma kada ka tsaya lallaɓa su. Cire, ka ja sababbi, kowace da fis nata, batir a cikin akwati a ɗaure, da makunni guda mai yanke wuta duka. Fitilar hagu ja ce, ta dama kore.

Inji kuwa, in ba ka saba ba, kai wa makanikin da ya san injin jirgi ya auna matsin kowace silinda. Bai kamata su bambanta da fiye da kashi 10 cikin 100 ba. In wannan ya yi kyau, sauran kana iyawa: fulogi, da wankin kafireto, da man giyar ƙafa. Man giya in ya fito fari kamar nono, ruwa na shiga, sai a sauya robobin da ke tare shi. Akwai wata 'yar farfelar roba a cikin ƙafar inji wadda ke tura ruwan sanyaya. Sauya ta ko da ta yi maka kyau a ido, kada kuma ka tayar da inji a tudu ba ruwa, don cikin 'yan daƙiƙoƙi take ƙonewa. Injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, irin Yamaha Enduro da ya cika kogunanmu, bi awon da littafinsa ya faɗa. Tsawon ƙafar inji ya dace da tsawon bango: gajera inci 15 ce, doguwa inci 20. Kada ka ɗaura injin da ya fi ƙarfin da aka rubuta a allon maƙera, kome kwaɗayin gudu.

Akwai wata jar igiya mai lanƙwasa da matuƙi ke ɗaurawa a ƙafarsa, ɗaya bakin a makunnin inji, in ya faɗi ta fizge inji ya mutu. A watan Mayu na 2013, a mashigin Padstow a Ingila, wani jirgi irin wannan ya watsar da iyali mutum shida a ruwa yayin juyawa. Mai tuƙi ba ta ɗaura igiyar ba. Jirgin ya yi ta zagaye da kansa yana bi ta kansu, uba da 'yarsa suka rasu, wasu biyu suka ji munanan raunuka. Sayi sabuwa, ka gwada ta kowace fita.

Ranar shiga ruwa

Yanzu ne lokacin fenti da kujeru, in kuɗi ya ragu. Amma rigunan ruwa su riga su, ɗaya ga kowane mutum, har da na yara daidai jikinsu, da filafili biyu, da anga da igiyarta, da famfon iska, da bokitin kwasar ruwa, da abin kashe gobara. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997, hedkwatarta kuma tana Lakwaja, ita ke duba jirage ta yi musu rajista. Dokokinta sun wajabta sa rigar ruwa, sun hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare. Je ofishinta mafi kusa kafin ka fara fita.

Gwajin farko a yi shi da safe, a ruwa mai kwanciya, kusa da gaɓa, mutum biyu kawai, da wani jirgi a kusa. Kafin a tura, tabbatar toshiyar baya tana wurinta. Bar jirgin ya zauna a ruwa rabin awa a ɗaure, ka duba ko ruwa na taruwa. Ruwa zai sanyaya salka ta ɗan yi laushi, sai ka ƙara mata iska. Tayar da inji, ka ga siririn ruwan nan yana fita ta bayansa. In bai fito ba, kashe nan take. Yi tafiya a hankali, ka ƙara wuta kaɗan-kaɗan, abokinka yana kallon bangon baya. A tafkunan madatsun ruwa irin Kainji akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, a Kwara da Binuwai kuma tudun yashi yana sauya wuri kowace shekara, don haka ka ɗauki ɗan gari wanda ya san hanya. In kun dawo, ɗaga goshi, kwance toshiya, ka auna ruwan da ya fito, ka sake ɗaure notocin inji.

Wajen ajiya, wanke yashi da laka, musamman a lungun da salka ta haɗu da daɓe, inda tsakuwa ke maƙalewa tana cin roba. In a ruwan gishiri aka shiga, a wanke cikin inji da ruwan daɗi. A rage iska kaɗan amma kada a sace duka, a rufe da tamfol a inuwa, goshi a sama, toshiya a buɗe. Kada a bar ko ɓawon gyaɗa a ciki, gama ɓeraye suna cin robar salka, kuma a ninkin da ke ɓoye suke fara huda.